Ina bajon awo yake kwana? Bayani kan lafiyar masu ɗaukar hoto a asibiti

Mai karatu, idan ka taɓa raka marar lafiya daga Ollelewa, ko Bakin Birji, ko Belbeji zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, wataƙila likita ya tura ku ɗakin hoto, wanda ma'aikata ke kira radiyo. A can ake ɗaukar hoton ƙashin da ya karye, da hoton ƙirjin mai tarin da ya ƙi jin magani. In ka dubi rigar ma'aikacin da ke sarrafa na'urar, ya kamata ka ga wani ɗan abu na roba maƙale a ƙirjinsa. Girmansa kamar kwalin ashana ne, da suna da lamba a jikinsa. Wannan shi ne bajon awo. Ma'aikatan lafiya suna kiransa dozimetir. Aikinsa ɗaya ne: ya tara lissafin hasken na'ura da ya taɓa jikin mai shi.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba. In ma'aikaci ya tashi daga aiki, ina ake ajiye bajon? Tambayar tana kama da ƙaramar magana, amma amsarta ce ke nuna ko lissafin da bajon ya tara gaskiya ne ko ƙarya. Kuma maganar ba ta likitoci kaɗai ba ce. Mai sharar asibiti, da mai gadi, da direban da ke ɗaukar saƙo, da uwargidan da ke wanke rigar aiki, duk hannunsu yana iya kaiwa ga wannan bajo.

Hasken da ido ba ya gani

Na'urar hoto tana fitar da wani irin haske mai ratsa fata da tsoka. Ƙashi yana tare wani sashe nasa, shi ya sa yake fitowa fari a hoto. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wannan haske a watan Nuwamba na 1895. Kafin shekara ta zagayo likitoci a ƙasashe da yawa sun fara aiki da shi, ba su san yana da illa ba. Wasu sukan sa hannunsu a gaban na'ura don su gwada ko tana aiki. Da yawa suka sami gyambon da ba ya warkewa, wasu aka yanke musu yatsu. A Amurka, Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, ya rasa hannuwansa biyu, sannan ya rasu a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a harabar wani asibiti na birnin Hambug a Jamus, aka rubuta sunayen likitoci da ma'aikata fiye da 150 na ƙasashe dabam-dabam waɗanda wannan aiki ya yi ajalinsu.

Na'urorin yau ba irin na wancan zamani ba ne. Hasken da suke fitarwa kaɗan ne, kuma an san yadda ake tare shi da dalma da bango mai kauri. Kada wannan bayani ya hana ka zuwa hoto in likita ya tura ka. Marar lafiya sau ɗaya ko sau biyu yake shiga ɗakin, kuma amfanin da yake samu ya fi haɗarin nesa ba kusa ba. Ma'aikaci kuwa kullum yana wurin, shekara da shekaru. Duk lokacin da aka danna na'ura, wani ɗan haske yana tarwatsewa daga jikin marar lafiya ya bazu cikin ɗaki. Kaɗan ne ƙwarai. Amma yana taruwa, kuma in ya yi yawa yana ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon daji bayan shekaru, yana kuma iya kawo yanar ido.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A nan ido bai san kome ba. Wannan haske ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da zafin da jiki zai ji. Sai da awo ake saninsa.

Kamar yadda ake auna hatsi da tiya, shi ma yana da ma'auninsa. Sunansa milisibat, ana rubuta shi a taƙaice mSv. Ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita ta ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara in an daidaita lissafin shekaru biyar, wato 100 cikin shekaru biyar, kuma kada ya wuce 50 a cikin kowace shekara guda. Kafin 1990 iyakar 50 ce kowace shekara, sai masana suka ga ta yi yawa suka rage. Ga sauran jama'a, waɗanda ba aikinsu ba ne, iyakar ita ce 1 a shekara, ban da hoton da likita ya sa a yi musu. Hoton ƙirji ɗaya ba ya wuce misalin 0.1, wato kashi ɗaya cikin goma na milisibat. In ka ga takardar da aka rubuta da Faransanci, waƙafi suke sawa a maimakon ɗigo: 0,1. Duk abu ɗaya ne.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Nijar ba baƙuwar wannan al'amari ba ce. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, kuma hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas ta kai mutane da yawa neman aiki a arewa. Masu haƙar ma'adinin su ma suna ɗaukar abin awo. A 1998 gwamnati ta kafa cibiyar kariya daga wannan haske a Yamai, wadda ake kira CNRP a taƙaice. A 2006 aka yi dokar tsaron nukiliya. A 2016 aka kafa hukumar sa ido mai suna ARSN.

Abin da ya canja a ƴan shekarun nan shi ne yawan aikin da nauyinsa. A 2021 aka buɗe sashen gasa ciwon daji da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, na farko a ƙasar, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. A 2022 wannan hukuma ta ƙaddamar da wani shiri na ƙara irin waɗannan na'urori a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, Nijar tana cikin ƙasashe bakwai na Afirka da aka fara da su. A ƙarshen watan Maris na 2021 aka rufe mahaƙar Kominak ta Akokan. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin Somair hannun ƙasa, a watan Yuli kuma aka sa hannu a takardar fahimtar juna da Rasha kan makamashin nukiliya. A nan gida ma, matatar mai ta Soraz da aka buɗe a 2011 tana cikin ƙasar Ollelewa, kuma a aikin mai ko'ina a duniya da irin wannan haske ake duba waldar bututu don a ga ko akwai tsaga a ciki.

Waɗannan manyan labarai ne, ana jin su a rediyo. Ana nuna sabuwar na'ura ranar buɗewa, ana yanka ƙyalle, ana tafi. Ba wanda ke ɗaukar hoton allon da ake rataye bajo. A ganinmu, a wannan allo ake gane ko wurin aiki ya ɗauki ran ma'aikacinsa da muhimmanci. Na'ura kuɗi ke sayenta, kuma mai ba da taimako yana iya kawo ta. Ajiye bajo a inda ya dace ba ya cin ko dala, amma yana bukatar ɗabi'ar da ake maimaitawa kowace yamma, ita kuwa ba a kawo ta cikin kwali daga waje.

Bajo ba laya ba ne

Wasu na zaton bajon yana kare mai shi, kamar laya ko kambu. Ba ya karewa. Abin da ke karewa uku ne: rage lokacin tsayawa kusa da na'ura, ja da baya, da tsayawa bayan kariya, wato bango, ko gilashi mai dalma, ko rigar dalma. Nisa yana da tasiri ƙwarai. In ka ninka nisanka da inda hasken ke fitowa sau biyu, abin da ke isowa gare ka yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Wasu kuma suna tsoronsa, suna zaton ya shanye guba yana fitar da ita. Wannan ma ba haka ba ne. Bajo ba ya fitar da kome. In yaro ya taɓa shi ba abin da zai sami yaron, bajon ne zai iya lalacewa. Haka ɗakin hoto: da zarar an kashe na'ura haske ya ƙare, ba ya zama a bango ko a jikin wanda aka ɗauka. Mai shara yana iya shiga ya yi aikinsa lafiya lau in na'ura ba ta aiki. Hoton ciki da ake yi wa mata masu juna biyu, wanda ake shafa mai a ciki a goga ɗan abu, shi da amo yake aiki, ba da wannan haske ba, don haka ba a bukatar bajo a can.

Bajo shaida ne. Yana gani, yana riƙewa, ba ya magana sai an kai shi gaban masu karanta shi. Iri uku aka fi sani. Na dā fim ne a ciki, irin na masu hoto, wanda ke ƙara baƙi gwargwadon hasken da ya sha. Na biyu yana ɗauke da ƴan ƙananan duwatsu na wani gishiri. In haske ya ratsa su sai su riƙe ƙarfinsa a cikinsu. A ɗakin gwaji ana gasa su da zafin da ya haura digiri 200, sai su saki abin da suka riƙe ya fito kamar ƙyalli, na'ura ta auna ƙyallin. Na uku kusan haka yake, sai dai da wani haske mai launin kore ake tayar da shi, ba da zafi ba. Kowane iri, ana sa shi wata ɗaya ko wata uku, a mayar da shi, a karɓi sabo.

Ka riƙe wannan a zuciya, domin a nan dukan maganar take: bajo bai san mai shi ba. Bai san ko yana ƙirjin mutum, ko a ƙusa, ko cikin aljihun babur ba. Duk hasken da ya same shi a inda yake, sunan da ke jikinsa za a rubuta wa.

Manoman Damargu sun san ma'aunin ruwan sama da ake kafawa a fili. In ka kafa shi ƙarƙashin indararo, zai cika da yayyafi kaɗan, a rubuta cewa an yi ruwa mai yawa. In ka kafa shi ƙarƙashin itace mai ganye, za a yi mamako ya nuna kaɗan. Ma'aunin bai lalace ba. Wurin da aka ajiye shi ne ya sa shi ƙarya.

Bajon da ba na kowa ba

A cikin kowane ƙunshi da ake aiko wa asibiti akwai bajo ɗaya da ba a rubuta sunan mutum a jikinsa ba. Ba ragowa ba ne, ba na baƙo ba ne, ba na sabon ma'aikaci ba ne. Bari mu kira shi bajon shaida. Ga dalilinsa.

Ko babu na'ura, akwai irin wannan haske kaɗan a cikin halitta. Yana saukowa daga sama, yana fitowa daga ƙasa da duwatsu da tubalin gini, yana cikin iskar da muke shaƙa. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a matsakaici kowane mutum yana samun milisibat 2.4 a shekara ta wannan hanya. Sashen da ke zuwa daga wajen jiki, wanda bajo ke iya kamawa, ya kusa 1 a shekara, wato misalin 0.2 a wata uku. Ma'aikacin hoto mai bin ƙa'ida, wanda ke tsayawa bayan kariya, galibi abin da yake samu daga aiki ba ya kai 1 a shekara. Ka ga ke nan na halitta da na aiki sun yi kusa da juna. Dole a raba su.

Bajon shaida shi ke raba su. Yana zuwa tare da sauran, yana zaune a allon ajiya dare da rana, yana komawa tare da su. Abin da ya tara shi ne na halitta da na hanya. A ɗakin gwaji sai a cire lissafinsa daga na kowane ma'aikaci, kamar yadda mai awon kaya a sikeli ke cire nauyin buhu.

Ga misali, don ka gwada lissafinka. A ce bajon wata ma'aikaciya ya nuna 0.5, bajon shaida ya nuna 0.2. In ka cire 0.2 daga 0.5, saura 0.3. Wannan shi ne rabonta na aiki. Yanzu a ce wani ya rataye bajon shaida a cikin ɗakin hoto, don ya ga akwai ƙusa a wurin. Wata uku yana shan tarwatsin haske, ya tara 0.6. In aka zo cire 0.6 daga 0.5 babu saura. Takarda za ta dawo da sifiri a gaban sunanta, da gaban sunan duk abokan aikinta. Kowa ya yi hamdala, alhali ba a auna kowa ba.

Shi ya sa ake son allon ajiya ya kasance a wajen ɗakin hoto, ba a jikin bangon da na'ura ke fuskanta ba. Kowane bajo da ƙugiyarsa da sunan mai shi, bajon shaida yana tare da su. Da safe ma'aikaci ya ɗauki nasa, ya maƙala a gaban jiki, tsakanin wuya da ƙugu, fuskar bajon tana kallon waje. In zai sa rigar dalma kuma bajo ɗaya gare shi, a ƙarƙashin rigar yake zama, sai in hukuma ta ba da wani umarni. Da yamma ya mayar da shi allo.

Kuskuren da aka fi yi a ko'ina shi ne barin bajo a jikin farar riga ko rigar dalma, a rataye ta cikin ɗakin hoto, a tafi gida. Mai aikin dare ya zo ya yi ta ɗaukar hoto, bajon wanda ke barci a gidansa yana ta tarawa.

Zafin Damargu

Akwai abokin gaba na biyu, kuma mu ne muka fi saninsa. A watan Afrilu da Mayu zafi a ƙasar Tanut da Belbeji yana haura digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce 60. Ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana kowa ya san halinsa.

Ka tuna yadda ake karanta bajo mai duwatsu: da zafi ake sa shi ya saki abin da ya riƙe. To, zafin rana ma yana yin haka a hankali. Bajon da ya yini a gaban gilashin mota, ko cikin akwatin babur, ko a taga, yana zubar da wani sashe na lissafinsa kafin ya isa ɗakin gwaji. Sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Na fim kuwa zafi yana dusashe shi, laimar damina kuma tana ɓata shi, har mai karantawa ya kasa rarrabe baƙin haske da baƙin lalacewa. Na uku ya fi jure zafi, amma in aka fasa rufinsa hasken rana ya shiga, yana goge abin da ya tara. Ba a buɗe bajo don a ga abin da ke ciki. Ba abin kallo a ciki.

Ba sai an nemi firiji ba. Abin da ake so wuri ne mai inuwa, busasshe, nesa da taga, nesa da murhu da tukunyar dafa kayan aiki, nesa da ruwan wanke fim da sauran magunguna masu tururi. Sau da yawa bangon ofis na ciki ya isa.

Sai hanya. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Ƙunshin da za a kai babban birni daga nan zai yi tafiyar da ta haura kilomita 1000, yana canja hannu. In kai ne direba ko yaron mota da aka ba wa ambulan daga asibiti, kada ka ɗora shi gaban gilashi, kada ka sa shi kusa da inji, kada ka bar shi a saman kaya. Haka nan ba a so ya bi ta na'urar duba jakunkuna irin ta filin jirgin sama, domin ita ma da wannan haske take aiki. Kuma dukan bajojin tare suke tafiya da bajon shaidarsu, ba a raba su gida biyu.

Ƙarya iri biyu

Bajon da aka ajiye ba daidai ba yana yin ƙarya ta ɗaya daga hanyoyi biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

In ya yi ƙaryar yawa, hankali yana tashi. Za a yi bincike, ana iya janye ma'aikaci daga ɗakin hoto na wani lokaci. A asibitin da mai sarrafa na'ura ɗaya ne ko biyu, janye shi yana nufin rufe ɗakin. Wanda ya karye a ƙauye sai a ce ya wuce gaba, da kuɗin mota, da kwanan hanya, ko ya haƙura ya koma wurin maɗori. Wannan hasara ce, amma ana ganinta, kuma bincike yana iya gano bakin zaren.

Ƙaryar ƙaranci ita ce mai tsanani, domin ba mai bincikar labari mai daɗi. Rigar dalma tana tsagewa daga ciki in ana ninke ta, ba a gani. Ƙofa tana iya daina rufuwa sosai. Ma'aikaci yana iya sabawa da tsayawa ya riƙe yara da hannunsa lokacin ɗauka. Bajo ne zai fara tona waɗannan. In yana kwance cikin durowa, ko zafi ya zubar da lissafinsa, ko bajon shaida ya cinye shi, sai a yi shekaru ana rubuta sifiri.

Wani lokaci ma da gangan ake yi. A Japan, bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, wani shugaba a wani kamfanin ƴan kwangila ya umarci ma'aikata su rufe abin awonsu da dalma, don lissafi ya yi ƙasa su ci gaba da aiki. A watan Yuli na 2012 asirin ya tonu. Japan ƙasa ce mai arziki da ilmi, amma dalilin da ya sa aka yi haka ba baƙo ba ne a wurinmu: tsoron rasa abinci. Ma'aikacin da ke tsoron a janye shi yana iya barin bajonsa a allo da gangan. Shugaban da ke tsoron a rufe masa ɗaki yana iya kawar da kai. Shi ya sa doka mai kyau ba ta hukunta wanda bajonsa ya nuna yawa. Gyara wurin aiki take sa a yi.

Ga mata akwai ƙarin magana. In ma'aikaciya ta sanar cewa tana da juna biyu, ƙa'ida ta ce abin da zai isa ga ɗan da ke ciki kada ya wuce milisibat 1 har ta haihu. Ba korar ta ake yi ba, tsara mata aiki ake yi. Amma 1 ƙaramin adadi ne. Kuskuren ajiya na 0.3 ko 0.4, wanda ba zai dami lissafin 20 ba, a nan ya kusa rabi.

Inda hannunka ke shiga

In maigidanki, ko ɗanki, ko ƴarki na aiki a ɗakin hoto, bajo bai kamata ya zo gida ba. In kin same shi maƙale a riga lokacin wanki, cire shi kafin ki jiƙa. Kada ki shanya shi, kada ki sa shi cikin kwalla kusa da madafa. Ajiye shi a inuwa, ki tuna wa mai shi ya mayar, ya kuma faɗa wa shugabansa kwana nawa ya yi a waje. In kuwa ya riga ya sha ruwa da sabulu, faɗar gaskiya ita ce gyara. Za a ba shi wani, a ƙiyasta rabonsa na wannan lokaci daga na watannin baya da na abokan aikinsa, a rubuta cewa ƙiyasi ne. Haka ake yi in ya ɓace.

In kai mai shara ne ko mai gadi, ka tsinci bajo a ƙasa ko a jikin rigar da aka manta cikin ɗakin hoto, kada ka rataye shi a ƙusar da ta fi kusa. Karanta sunan da ke jiki. Karanta watan da aka rubuta. Ka kai wa shugaban sashe, ka faɗi inda ka same shi da lokacin. Karatun da kake koya yanzu ya isa wannan aiki, kuma shaidarka tana iya hana a rubuta wa mutum abin da bai sha ba.

Ba a aron bajo. In mutum biyu suka sa ɗaya, an rasa lissafin su duka. In ma'aikaci shi kansa ya yi rashin lafiya za a ɗauke shi hoto, sai ya cire bajonsa ya bar shi a allo, domin wannan hasken magani ne, ba na aiki ba. In yana aiki a asibitin gwamnati da safe, da yamma kuma a asibitin kuɗi, kowane wuri da bajonsa, daga baya a haɗa lissafin biyu.

Kai da ka raka marar lafiya ba a ba ka bajo, domin zuwanka na rana ɗaya ne. Amma in aka ce ka shiga ka riƙe yaro ko tsoho, kana da haƙƙin a ba ka rigar dalma. Mace mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, ta faɗa kafin ta shiga, ko ita za a ɗauka ko riƙo za ta yi.

In kana cikin kwamitin kula da lafiya na garinku, ko kana da bakin magana a wurin magajin gari, ba sai ka iya Faransanci mai zurfi ba kafin ka yi tambaya a duk asibitin da ke da na'urar hoto. Ma'aikata suna da bajo? Ina allon yake? Ina bajon shaida? Yaushe aka aika na ƙarshe, kuma sakamako ya dawo? Wannan ta ƙarshe ita ce ake yawan mantawa. Bajon da aka adana da kyau amma ya yi wata tara ba a aika ba, ko aka aika takarda ba ta dawo ba, bai amfani kowa ba. Ma'aikaci yana da haƙƙin ganin lissafinsa da idonsa.

Takardar kuma ba ta shekara ɗaya ba ce. Ciwon da wannan haske ke iya jawowa yakan ɗauki shekaru goma, ashirin, ko fiye kafin ya bayyana, lokacin da mutum ya riga ya bar aiki ya koma garinsu. Tsofaffin ma'aikatan mahaƙar da aka rufe a Akokan sun san nauyin wannan magana, domin duk wanda zai nemi a duba ko ciwonsa daga aiki ne, lissafin shekarun baya za a fara tambaya. Ƙa'idar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta 2014 ta ce a adana lissafin kowane ma'aikaci har ya kai shekara 75, ko har lokacin da zai kai da yana raye, kuma kada a zubar da shi kafin shekara 30 bayan ya bar aikin. Matashiyar da ta fara aiki a ɗakin hoto bana tana da shekara 25, lambar da za a rubuta mata a wannan wata za ta zauna cikin kundi aƙalla shekara 50.